Babur ɗin farko na hannu: Boxer, amma ka buɗe ido wurin takardu

Idan sabon mahayi ne kai kuma kuɗinka bai kai na sabo dal ba, shawarata ka nemi Bajaj Boxer mai inji 100cc. Ɗan Indiya ne, giya huɗu, injinsa kuma ba ya buƙatar a haɗa masa fetur da baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, shan mai ya zama abin da kowa ke fara tambaya, kuma a nan Boxer bai da laifi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gyara. Ko a ƙauye ya tsaya maka, bakaniken da ke gindin bishiya ya san cikinsa, kuma fulogi, kebur ɗin kulochi, ringi da fistin duk suna shagon kusa. Kujerarsa doguwa ce, ƙasansa na da tsayi, yana ɗaukar buhun masara a hanyar burji ba tare da ya yi ta dukan ƙasa ba. Kyau kam ba shi da shi, kuma birkinsa na ganga ne gaba da baya, sai ka riƙa taka shi da wuri.

Honda Ace 125 babur ne nagari, amma masu shi ba sa sakinsa da araha. TVS HLX ya kusa kamo Boxer, sai dai kayansa ba su kai na Boxer yawa ba a wasu garuruwan. Tsohon Jincheng mai hayaƙi ka bar wa masu shi. Roba-roba kuwa na cikin gari ne kawai.

Inda ake cutar sabon shiga shi ne wurin ciniki. Farin jinin Boxer ya sa ɓarayi ma suna ƙaunarsa. Wani ƙanena ya sayi nasa ta hannun dillali, da rasit mai hatimi, ba a jima ba aka tare shi a shingen bincike, aka ce na sata ne. Babur ya tafi, kuɗi sun tafi, shi kuma sai da dattawan unguwa suka tsaya masa. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, ka durƙusa ka duba lambar shasi a wuyan babur da lambar inji a jikin injin, ka gwada su da na rasit harafi bayan harafi. Ka shafa wurin da yatsa. Idan ka ji kaushi, ko ka ga alamar an goge da dutsen injin, ko sabon fenti a nan kaɗai, ko lambobin ba su tsaya a layi ɗaya ba, ka kama gabanka ko nawa aka rage maka. Ka nemi ganin mai babur ido da ido, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a ɗauki hoton katin shaidarsa. Dillalin da ya ce mai shi ya yi tafiya, akwai lauje cikin naɗi.

Sai dabarar ɓoye ciwon inji. Wasu na ɗura baƙin mai mai kauri don hayaƙi da ƙara su kwanta, su kuma ɗuma injin kafin ka iso. Ka je da sassafe da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a buga kik. Shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin injin na ƙona baƙin mai, sau da yawa ringi ne ya tafi. Ka zaro sandar mai ka murza tsakanin yatsu, in yana danƙo sosai, an yi masa kwaskwarima, in kuwa kana ganin ƙyallin ƙarfe a ciki, injin na cinyewa. Ka hau ka sassauta hannu kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya. In yana karkata gefe, ya taɓa faɗuwa mai tsanani.

Bayan ka saya, kar ka fara da fitilu masu walƙiya da hon mai ƙara. Ka juye baƙin mai ranar farko, 20W-50, kusan lita ɗaya, daga gidan mai ko shagon da ka yarda da shi, domin jabu a tsohuwar roba ya yi yawa. Ka canza sarƙa da siraket tare, ka sa taya mai kyau da sabon takalmin birki, ka sayi hular kwano da kwaɗo mai nauyi. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska, sai babur ya riƙa shaƙewa yana ƙara shan mai, don haka ka riƙa cire ta kana wankewa akai-akai, sarƙar kuma ka ɗiga mata mai duk mako.