Shafin Climate Action Tracker: ya iya bin diddigin hayaki, amma maganar kuɗi da saura

Duk wanda yake bin labarin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wannan da ake ce wa COP, ya san yadda ake ƙarewa. Sati biyu ana jawabi, kowane shugaba ya hau mumbari ya ce ƙasarsa za ta rage kaso kaza na hayaki nan da shekara kaza, a tafa, a ɗau hoto, daren ƙarshe a kwana ana ja-in-ja kan takarda, gari ya waye kowa ya kama jirginsa, kai kuma da kake karantawa a waya an bar ka da tambaya ɗaya, shin abin da suka faɗa ɗin nan ya isa ko bai isa ba, kuma ma suna yi ko faɗa ce kawai. Wannan tambayar ce ta kai ni shafin Climate Action Tracker, kuma na daɗe ina amfani da shi, shi ya sa nake so in faɗi abin da na gani, mai kyau da wanda bai gamsar da ni ba.

Shafin intanet ne kyauta, ba rajista ba biyan komai. Cibiyoyin bincike biyu ne ke gudanar da shi, Climate Analytics da NewClimate Institute, kuma tun 2009 ake wannan aiki, wato shekarar taron Kopenhagen. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma na Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, wannan kam yana da muhimmanci don ita Majalisar ba za ta iya fitowa ta ce wa ƙasa ke kin gaza ba, membobinta ne, lallaɓa su take. Su waɗannan kuwa suna faɗa kai tsaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka sauƙaƙa hukuncin da launi. Ka danna sunan ƙasa sai ka ga an shafa mata kala, baƙi shi ne mafi muni, sai ja, sai ruwan lemo, sai rawaya wanda ke nufin ta kusa, sai kore ga wadda aikinta ya yi daidai da burin da aka sa a yarjejeniyar Paris ta 2015, wato kar ƙaruwar zafin duniya ta wuce digiri 1.5 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu. Amma fa kar ka tsaya a kalar saman, ka gangara ƙasa, nan ne aikin yake. Sun raba alkawari daban, abin da gwamnati take aiwatarwa a ƙasa daban, to sau da yawa za ka ga alkawari yana da ɗan kyau amma dokokin da ake aiki da su ba su kai ko kusa ba, ana ta ba da lasisin haƙo mai da gas ana gina tashar kwal. Sannan ma'auni biyu suke ɗora kowace ƙasa a kai, na farko abin da ya kamata a rage a cikin gida idan ana so duniya ta tsaya a 1.5, na biyu kuma rabon adalci, wato idan aka duba wa ya fi zuba hayaki tun da, wa ya fi arziki, wa ke da mutane da yawa, nawa ne ya rataya a wuyanki. Wallahi wannan ma'aunin na biyu shi ya sa na yarda da shafin. Domin ba adalci ba ne ka auna Habasha da Jamus da mudu ɗaya, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kaso 4 cikin 100 na hayakin duniya, alhali Amurka ita ce ta fi kowa tarawa a tarihi.

Wani taimakon da yake yi, yana warware dabarar lissafi da ƙasashe ke yi. Yarjejeniyar Paris ta bar kowace ƙasa ta rubuta nata alkawarin da kanta, abin da ake kira NDC, a sabunta duk shekara biyar, to kowa sai ya zaɓi shekarar da za ta yi masa daɗi a fara ƙirga daga ita. Tarayyar Turai da Birtaniya daga 1990 suke ƙirgawa, Amurka kuma daga 2005 ta ƙirga nata. Indiya ma ba jimlar hayaki ta ce za ta rage ba, cewa ta yi za ta rage kaso 45 na hayakin da ke fita a kan kowane ma'aunin tattalin arziki nan da 2030, ka ga tattalin arzikin na iya girma hayakin ma ya ƙaru kuma ba ta karya alkawari ba. Sin ta ce hayakinta zai kai ƙololuwa kafin 2030 ta kuma daidaita shi zuwa sifili kafin 2060, wato abin da take fitarwa ya yi daidai da abin da ake cirewa daga iska, Indiya ta ce 2070. Mutum irina ba zai iya jera waɗannan ya gane wa ya fi wa ba, su kuwa sai su mayar da komai tan na hayaki su zana maka a layi ɗaya, ka ga inda ƙasar ta fito da inda ta dosa da inda ya kamata ta dosa.

Akwai kuma hoton ma'aunin zafi da suke sabuntawa lokacin kowane COP, shi ne ma 'yan jarida suka fi ɗauka. Na lokacin taron Glasgow a 2021 ya zauna min a rai sosai. Ana tsakiyar murna ana cewa alkawuran sifili sun sauko da duniya ƙasa da digiri 2, sai suka fito da lissafi cewa eh idan an cika komai da komai har da alkawuran 2050 da 2070 ƙaruwar zafin za ta iya tsayawa a digiri 1.8, amma da alkawuran 2030 kawai 2.4 ne, da abin da ake aiwatarwa a zahiri kuwa 2.7. Har zuwa 2024 wannan 2.7 ɗin bai motsa ba. Kuma 2024 ɗin ita ce shekarar farko da zafin duniya ya haura 1.5 a cikakkiyar shekara. A watan Satumban 2021 ɗin kuma da suka sake tsarin aunawa, ƙasa ɗaya tak ce ta samu kore, Gambiya, 'yar ƙaramar ƙasar da hayakinta ko a lissafin duniya ba ya fitowa. Duk manyan nan masu hawa mumbari babu ko ɗaya. Abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi a lokaci guda.

To yanzu ga inda ban gamsu ba, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun nan.

Ga ƙasashe masu rauni, taron yanayi ba maganar rage hayaki ba ce kawai, hayakin nawa suke da shi da za su rage? Maganar kuɗi ce. Kuɗin gina katangar hana teku cin gari, kuɗin irin da ke jure fari, kuɗin na'urar gargaɗi kafin guguwa, kuɗin sake gina gada da asibiti bayan ambaliya. A yaba musu, shafin yana ba ƙasashe masu arziki maki a kan kuɗin da suke bayarwa, yana ma duba ko suna ci gaba da zuba kuɗi a ayyukan mai da kwal a ƙasashen waje, kuma yawancinsu kalar da suke samu a nan ba ta da kyau ko kaɗan. Amma idon shafin gaba ɗaya a kan rage hayaki yake. Ɓangaren kare kai daga illar da ta riga ta iso, da ɓangaren asara da ɓarna, kusan ba aikinsa ba ne, ka shiga da wannan tambayar sai ka fito hannu rabbana.

Kuma labarin kuɗin nan fa ya cancanci nasa ma'aunin zafin. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin cewa zuwa 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara. 2020 ta zo ba a kai ba, wajen biliyan 83 aka ƙirga. Sai a 2022 aka kai, biliyan 115.9, in ji OECD, ƙungiyar da galibin membobinta ƙasashe masu arziki ne. To amma kaso mafi yawa na kuɗin gwamnatoci a ciki bashi ne ba kyauta ba, shi ya sa ƙungiyar agaji ta Oxfam da ta cire abin da za a biya ta ce ainihin darajarsa tsakanin biliyan 28 ne zuwa 35. Kamar mutum ne ya ƙona maka rumbu, ya ba ka rance da ruwa ka gina sabo, sannan ya rubuta a littafinsa cewa ya yi maka taimako. Ƙasashen da ke karɓar wannan bashin da ma da yawansu kuɗin da suke biya na ruwan bashi ya fi wanda suke kashewa a lafiya. Da shafin yana da wani ɓangare da zai nuna min ƙasa kaza ta ce ta ba da kaza, kaso kaza tallafi ne kaso kaza rance, kaso kaza ya tafi kare mutane daga ambaliya da fari, da na ce aikin ya cika.

Haka ma asusun asara da ɓarna. Tun 1991 ƙananan tsibirai ƙarƙashin jagorancin Vanuatu suke neman irin wannan tsari, shekara talatin ana kautar da kai, sai a Sharm el-Sheikh a Masar a 2022 aka amince, shekarar da ambaliyar Pakistan ta shafi mutum miliyan 33 ta kashe sama da 1,700, asarar ta haura dala biliyan 30. A Dubai a 2023 aka buɗe asusun ranar farko ta taro aka yi ta tafi, jimlar alkawarin da aka tara wajen dala miliyan 700. Miliyan fa, ba biliyan ba. Ka ajiye shi kusa da asarar Pakistan ta shekara ɗaya kawai ka ga. Sannan a Baku a 2024 aka tashi da sabon adadi, biliyan 300 a shekara nan da 2035, alhali ƙasashe masu tasowa tiriliyan 1.3 suka nema, har wakilan tsibirai da na ƙasashe mafi talauci suka fice daga ɗakin tattaunawa na wani lokaci, Indiya ta yi watsi da adadin bayan an buga guduma, wakiliyar Najeriya ma ta kira shi abin dariya. Wata biyu bayan haka, Janairun 2025, Trump ya sa hannu a fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris karo na biyu. A Belem ta Brazil a ƙarshen 2025 an ce a ninka kuɗin kare kai sau uku nan da 2035. Wa zai bi diddigin wannan ɗin shekara bayan shekara da irin tsanani da ake bin na hayaki? Ni dai abin da ke damuna kenan, alkawarin da ya shafi rayuwar talakan duniya shi ne wanda ba shi da mai tsaronsa da kowa ya sani.

Na biyu, ƙasashe wajen 40 ne kawai a ciki. Na gane dalilin, su ne ke fitar da wajen kaso 85 na hayakin duniya, kuma akwai irin su Kenya da Maroko da Nepal da Najeriya. Amma ka nemi Chadi ko Malawi ko Somaliya ko Tuvalu ba za ka gan su ba, waɗanda su ne suka fi shan wahalar abin. Alkawuran irin waɗannan ƙasashe galibi kashi biyu ne, abin da za su yi da kuɗinsu da abin da za su yi in an ba su tallafi, kuma na biyun ya fi girma nesa ba kusa ba, to in tallafin bai zo ba laifin wa za a rubuta?

Sai ƙananan abubuwa. Turanci ne, kuma na masana, in ka wuce kalolin sai ka tarar da dogon rubutu cike da gajerun haruffa, ɗalibi ko ɗan jaridar rediyo da zai fassara wa mutane zai sha aiki. A ƙaramar waya zane-zanen suna matsewa, ya fi daɗi a kwamfuta. Kuma ba lokaci ɗaya ake sabunta ƙasashen ba, wata an duba ta kwanan nan wata ta kwana biyu, don haka ka riƙa duba kwanan watan da ke saman shafin ƙasar kafin ka ɗauki lamba ka yaɗa.

In maki zan bayar, huɗu cikin biyar a maganar hayaki, ba na jin akwai wani wuri kyauta da ya kai shi saurin nuna maka gaskiyar alkawari, malamai da 'yan jarida da masu fafutuka duk ina ba su shawara su ajiye shi kusa, musamman satin da ake COP ana ta ruwan sanarwa. A maganar kuɗi kuwa biyu, kuma kar ka dogara da shi kaɗai. Ka haɗa da rahoton OECD ka ga abin da masu bayarwa suka ce sun bayar, ka ɗora na Oxfam a gefensa ka ga abin da ya rage in an cire bashi, sannan ka nemi rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ke fitarwa duk shekara kan giɓin kuɗin kare kai, wanda ke nuna buƙatar tana cikin ɗaruruwan biliyoyi a shekara, abin da ake bayarwa kuma bai kai biliyan 30 ba.