Sharhina kan manhajar AIC ta neman gidan abincin masu siliyak a Italiya

Salam 'yan uwa. Duk wanda yake Italiya ko yake shirin zuwa, kuma yana da mai cutar siliyak a gidansa, toh wannan rubutun nashi ne. Babbar yarinyata ce take da ita, a nan Bolonya aka gano bayan mun daɗe muna fama da ciwon ciki da kumburi da ƙarancin jini, ga shi bata girma kamar sa'o'inta. Tunda likita ta ce mana ba alkama ba sha'ir har iya rayuwarta, girkin gida bai wani bani wahala ba gaskiya, dan mu dama da shinkafa da masara da wake muka tashi. Inda nake shan wuya shine cin abinci a waje, ranar da muka fita yawo ko tafiya ta kama ko aka gayyace ta bikin ƙawarta.

Dan wanda bai san cutar ba, ba irin ƙyan abinci bace da mutum zai ci ya ɗan yi ƙaiƙayi ya wuce. Akwai wani sinadari da ake kira gulutin a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da suke kira rai, in mai siliyak ya ci sai garkuwar jikinsa ta juya kan ƙaramin hanjinsa tana cinye 'yan tsirarrun dake tsotsar amfanin abinci, shi yasa za ka ga yaro yana ci amma jiki baya karɓa. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita a duniya, kuma babu ƙwaya babu allura, maganin kawai a daina ci. A dokar Turai ba'a rubuta wa abinci cewa ba gulutin sai in abin dake ciki bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Ku lissafa kuji, ɗan ɓurɓushin biredi a kan faranti ya isa ya wuce wannan ma'aunin.

Wannan lissafin shine ya sa na daina yarda da rubutun menu kawai. A Italiya kusan duk inda ka shiga za ka ga an rubuta senza glutine, wato ba gulutin, a wani gefe, dan akwai mutane da yawa da suka bar alkama dan ra'ayi ko rage ƙiba, su in an ɗan samu gari a ciki ba abin da zai same su. Da farko wata manhaja nake amfani da ita wadda kowa ke shiga ya rubuta ra'ayinsa ya bada taurari, to matsalar itace baka san waye ya rubuta ba, mai siliyak ne ko mai rage tumbi. Wani gidan fiza da ya sha yabo sosai a ciki, mun je an kawo mata nata a kan ƙullin da ba alkama, amma ashe a kan tebur ɗaya ake murzawa, da cebur ɗaya ake sawa a tanda ɗaya da garin fulawa ya baɗe ko'ina. Yarinyar nan a daren ta yi ta amai har asuba, kwana da kwanaki bata dawo daidai ba, makaranta ma bata je ba. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, dan na tambayi ma'aikacin da bakina yace min ba matsala.

Likitar abincinta ce ta nuna min AIC Mobile. Ita AIC ƙungiyar masu siliyak ce ta Italiya, tun 1979 aka kafa ta, kuma suna da wani shiri na cin abinci a waje da suke kira AFC a taƙaice. Yadda abin yake, mai gidan abinci ba zai shiga jerin ba sai shi da ma'aikatansa sun yi kwas a wajen ƙungiyar, an duba kicin ɗinsu da kayan da suke saye, sannan ana dawowa ana sake dubawa lokaci lokaci, wanda ya saki layi a cire shi. Wuraren dake ciki sun haura 4,000 a faɗin ƙasar, akwai gidajen abinci, gidajen fiza, masu askirim, otal otal, masu gasa biredi da kek. In ka buɗe manhajar taswira zata nuna maka na kusa da kai da irin abin da suke yi da lambar wayarsu, a ƙofar wurin kuma akwai sitika ta ƙungiyar mai ɗauke da shekara, ni kullum sai na duba shekarar kafin mu shiga. Mu mun yi rijista a matsayin mambobi a reshen yankinmu dan a nan muke zaune, amma mai zuwa ziyara daga waje akwai tsarin baƙi na sati biyu da ake biyan ɗan kuɗi kaɗan, bai kai kuɗin fiza ɗaya ba.

Bambancin a kicin yake, kuma da idona na gani. Gidan fiza na farko da muka je daga cikin jerin, ina cewa mai karɓar oda mia figlia è celiaca, wato 'yata tana da siliyak, bai tsaya yana kallona ba, kawai ya rubuta da jan biro ya kira wani daban. Wurin yana da ɗan ɗaki nashi a gefe da tebur nashi da ƙaramar tanda tata, mai yin nata ya wanke hannu ya canza atamfar gaba, kuma da aka gama ba'a haɗo da namu a tire ɗaya ba, shi kaɗai aka kawo shi da 'yar tuta a soke a kai dan kar a rikita. Wasu wuraren basu da tanda biyu, sai su gasa a cikin faranti mai dogon baki yadda ba zai taɓa ƙasan tandar ba. Taliya kuma tukunya daban ruwa sabo matsami daban, dan in aka dafa ta a ruwan da aka dafa taliyar alkama an gama ɓata ta. Haka man suya, dankalin da aka soya a man da aka soya kaza mai garin biredi ba nata bane ko da shi dankalin ba ruwansa da alkama. Duk waɗannan tambayoyin da nake tsayawa ina yi da guntun Italiyancina ina jin kamar na takura wa mutane, a wuraren AIC su suke riga ni faɗa. Ranar yarinyar ta cinye fizarta tas ta kwana lafiya, ni kuma na samu na ci nawa da nutsuwa ba ina kallon bakinta ba.

Askirim ma akwai lura, dan yara ba'a raba su da shi a ƙasar nan. Mazubin da ake ci na biskit ne na alkama, kuma cokalin da aka ɗebi mai kukis da shi ake ɗiban na kusa. Masu sitika suna da mazubi marar gulutin a naɗe cikin leda, su ɗauko cokali wankakke, wasu har sabon bokiti suke buɗewa daga ciki. Wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba sai a bayanan ƙungiyar na gani shine kofin sha'ir, caffè d'orzo, da ake sha sosai a nan, wani wurin da inji ɗaya ake haɗa shi da sauran abin sha. Haka farro da kamut da suke tallatawa a matsayin hatsin lafiya, dukkansu dangin alkama ne.

Ɓangaren sayayya ma ya min amfani sosai. Cikin manhajar akwai jerin kayan kanti da aka tantance, da rabon abinci gida uku, wanda aka yarda, wanda ke da haɗari sai an duba, da wanda aka hana. Alamar zangarniyar alkama da aka ja wa layi a jikin kwali ita nake fara nema. Kuma ƙasar ta taimaka, dan tun dokar 123 ta 2005 dole wuraren cin abinci na makaranta da asibiti su ba mai siliyak abincinsa in an nema, sannan wanda aka tabbatar yana da cutar gwamnati na sa masa kuɗi duk wata a katin lafiya dan sayen gari da taliya da biredi, na 'yan shekara 6 zuwa 9 yuro 70 ne. Mutum sama da 250,000 aka riga aka gano a ƙasar, a 2023 ma suka yi dokar a riƙa gwada yara tun kafin ciwo ya bayyana. Shi yasa ko a ƙaramin gari in kace celiaca sun san me kake nufi.

Toh amma ga inda mu Musulmi sai mun ƙara namu aikin, kuma wannan shine babban dalilin da yasa na zauna rubuta sharhin nan. Ita ƙungiyar gulutin take dubawa, halal ba hurumin ta bane, dan haka sitika a ƙofa bata ce maka komai ba kan alade ko giya. Yankinmu na Emiliya Romanya kuwa gidan naman alade ne. Gurasarsu da ake kira piadina a al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ta, strutto suke ce masa, kuma marar gulutin ɗin ma wani lokacin da shi ake yi. Miyar ragù ta Bolonya akwai alade akwai giya. Risotto da kake ganin shinkafa ce zalla yawanci sai an zuba farar giya a farkon dahuwa, kayan zaƙinsu tiramisu ma wasu da giya suke yi. Kenan tambaya biyu nake yi kullum, senza glutine sannan senza maiale e senza vino, wato ba alade ba giya. Abin da ya fi mana sauƙi shine fiza margarita, taliya da tumatir, gasasshen kifi, polenta wadda kusan tuwon masara ce, da kayan lambu.

A ɗaya gefen kuma wuraren da muke samun halal, masu kebab da gidajen abincin 'yan Afirka da na Pakistan, ni dai ban ci karo da su a jerin ba a unguwanninmu. Kuma nan ne haɗarin yafi yawa, naman kebab na inji sau da yawa ana haɗa shi da gari ko sitacin alkama dan ya kama jiki, falafel ana sa masa fulawa, wuƙa ɗaya hannu ɗaya da biredi. Wani ɗan uwa Musulmi mai kirki ya taɓa ce min 'yar uwa ai sai in cire mata biredin kawai, da zuciya ɗaya ya faɗa, bai san cewa taɓawar ma ta isa ba. Abin yana min ciwo ace wurin da na fi sakewa da naman shine wurin da bazan iya ba 'yata ko loma ɗaya ba.

Sai maganar kuɗi da shiri. Yawancin wuraren suna ƙara yuro biyu ko uku kan ƙullin da ba alkama, ga kuɗin zama da ake caja kowa dama. Wasu kuma sai ka kira tun da rana ka faɗa musu akwai mai siliyak, musamman Asabar da dare, in ba haka ba ka je ƙullin ya ƙare. A tsakiyar Roma da Filorens da Milan zaɓi kamar me, har da wuraren da alkama bata shiga kicin ɗinsu kwata kwata, su na fi so dan hankali kwance. A ƙauyuka da kan babbar hanya kuma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu, dan haka jakata bata rabuwa da biskit ɗinta da ayaba da dafaffen ƙwai.

Da muka je gida hutu manhajar bata da aiki tunda iyakarta Italiya, amma tambayoyin da na koya a wajensu sun bi ni har Kano. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo duk ba gulutin a asalinsu, fura da ƙosai da alale da tuwon shinkafa nata ne. Gurasa da funkaso da alkaki da fanke da taliya da semo kuwa babu ita. Masu wuyar sune na tsakiya, ɗan wake da ake haɗa garinsa da fulawa, masar da wasu ke ɗan barbaɗa wa fulawa dan ta tashi, dunƙulen ɗanɗano da sai ka karanta jikin kwalin, sai uwa uba injin niƙa na unguwa da aka gama niƙa alkama a ciki sannan a zuba masararki. Hajiyarmu da na yi mata bayani sai ta sa aka daka mata nata a turmi daban, Allah ya saka mata da alheri.

Wanda yake zargin ɗansa nada cutar, dan Allah kar ya cire masa alkama kafin a yi gwajin jini na tTG, in an daina ci gwajin zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan. Wanda kuma aka riga aka tabbatar masa yana shirin shigowa Italiya, ya sauke AIC Mobile tun kafin ya hau jirgi, ya kira wurin kafin ya je, ya duba shekarar sitika, ya yi tambayar alade da giya da kansa. Ni yanzu abin da nake nema ido rufe shine gidan abinci na halal da ya yi kwas ɗin AIC a Bolonya ko Modena ko Rejiyo Emiliya. Abban yara ya fara yi wa wani mai gidan abinci da suke sallar Juma'a tare maganar ko zai tura ma'aikatansa su yi, yace zai duba kicin ɗinsa ya ga ko akwai inda zai ware.