Kafin ka sayi dashen fic, tambayi sanyin da yake nema

Mai sayar da dashe zai nuna maka hoton ɗan fic (ɗan itacen da ake kira peach da Turanci) jajur, mai laushin gashi a jiki kamar kumatun jariri, ya ce ai wannan irin waje ne. Gaskiyarsa. Sai dai ka tambaye shi abu ɗaya: sa'o'i nawa na sanyi wannan iri yake buƙata? In ya tsaya sosa ƙeya, mayar da kuɗinka aljihu.

Asalin fic daga ƙasar Sin yake, kuma itace ne mai barci. Idan hunturu ya shigo sai ya zubar da ganye, ba ya farkawa ya yi fure sai ya tara wasu sa'o'i da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Selsiyos. Elberta, wani irin fic da Samuel Rumph ya fitar a jihar Jojiya ta Amurka a shekarun 1870 ya raɗa masa sunan matarsa, yana neman wajen sa'o'i 800. Redhaven na jihar Mishigan, na 1940, ya ma fi shi kwaɗayin sanyi. A littafi sunansu ya fi na kowa fita, amma a ƙasa mai zafi ganye ma da ƙyar za ka gani, balle 'ya'ya. Cire su daga lissafi.

Waɗanda suka rage mana su ne na Jami'ar Fulorida, inda Ralph Sharpe ya fara aikin samar da fic mai ƙaramar buƙatar sanyi a farkon shekarun 1950, Wayne Sherman ya ɗora. Aiki ne na mai haƙuri. Kafin fure ya buɗe ake tsinke sassan namijinsa, a lakato garin furen wani iri a shafa masa da ɗan yatsa. A shuka ɗaruruwan ƙwallaye, a jira kamar shekara uku su yi 'ya'ya, a sare kusan duka, a bar 'yan tsiraru ana gwadawa. Kafin iri ɗaya ya samu suna ya shiga kasuwa an haye shekara goma. Shi ya sa ƙwallon da ka tsotse ka binne ba lallai ne ya ba ka irin uwarsa ba. Kamar mangwaro ne, sai mai aure.

Uku nake ganin sun cancanci a ɗora a sikeli. Flordaprince ya fito a 1982, sa'o'i 150 sun ishe shi, kuma daga fure zuwa nuna kwana 80 ne ko kusa da haka. Manoman Masar sun rungume shi saboda yana riga kowa shiga kasuwa. Aibinsa biyu: 'ya'yan ba su cika girma ba, sannan in ya nuna ba ya jira, ka matsa da yatsa gobe ka tarar da tabo. TropicBeauty na 1988 sanyinsu ɗaya, yana ɗan jinkirta nuna, amma ya fi girma, ya fi ƙwari, tsokarsa kuma ta fi saurin rabuwa da ƙwallo. In don gida ne da rabon maƙwabta, shi zan ɗauka ido rufe.

UFSun na 2004 wani gida ne daban. Sa'o'i 100 yake nema, kuma tsokarsa ba mai narkewa a baki ba ce, tana da ɗan tauri ko ya nuna sarai. Wanda ya saba da mai narkewa, ruwa na bin gwiwar hannu, zai ce an rage masa daɗi. Amma ka tuna da kwandon da zai yi tafiyar yini a bayan mota, ana faɗa rami ana fita. Wannan kana iya barinsa ya nuna a kan uwa, ya tara zaƙi, ya isa kasuwa lafiya lau. Tsokar dai manne take da ƙwallo, sai an sa wuƙa.

Duba ƙasa kuma, wurin da aka yi auren. Tsutsar saiwa, mai sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu, tana cin fic ma, musamman a jigawa. Gindin Flordaguard, irin da ake ɗora auren a kansa, da aka fitar a 1991, yana jure mata, kuma gane shi ba wuya: ganyensa ja ne. In ka ga jan tsiro ya ɓullo ƙasa da tabon aure, gindin ne yake neman ƙwace gida, a yanke shi da wuri.

Wata magana da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, komai kaɗawar hunturu, ya haƙura ya dasa gwaiba ko rumman. Zancen nan na masu tudu ne, irin Jos mai tsayin mita 1,200 ko tsaunin Mambila da ya fi ta. Can ɗin ma sanyin bakin gaɓa yake, don haka manoman tuddan ƙasashe masu zafi sukan janye ban ruwa, su zage ganyen da hannu, don itacen ya ɗauka hunturu ya zo ya wuce. Sayi biyu ko uku daga kowane iri, ka rubuta ranar da kowanne ya yi fure, ka ba su damina uku kafin ka share kadada.