Silver Shadow ko Jaguar Mark 2: Wacce Ta Fi?

Duk mai son tsofaffin motocin Ingila yakan fara ne da kallon saman bonet. A goshin Rolls-Royce Silver Shadow akwai 'yar mutum-mutumin nan da masassaƙi Charles Sykes ya zana a 1911, ta sunkuya gaba, mayafinta na kaɗawa a baya kamar fukafuki. Ita kuwa Jaguar Mark 2, a goshinta damisa ce a miƙe, ta daka tsalle, baki buɗe.

Abin mamaki, Silver Shadow ce ta fi sauƙin kuɗi sau da yawa. An ƙera kimanin 30,000 tsakanin 1965 da 1980, don haka ba ta yi wuyar samu ba. Amma birkinta da tsarin da ke daidaita tsayinta suna aiki ne da matsin mai, fasahar da aka karɓo daga kamfanin motocin Faransa Citroën, kuma in ya lalace, gyaransa kan cinye aljihu.

Mark 2 ta fito a 1959. Mai injin lita 3.8 ita ake rububi. Tsatsa ce babbar abokiyar gabarta, sai an leƙa ƙarƙashinta kafin a biya.

Ni dai damisar nake so.