QuickMap: Taswirar Wata da Kowa Zai Iya Buɗewa Kyauta

Tun da kamfanoni masu zaman kansu suka fara aika kumbo zuwa duniyar Wata, labaran da ake samu sun fi karkata ga alkawura da kuɗin kwangila, ba a cika nuna wa mai karatu irin ƙasar da ake son sauka a kanta ba. Wannan giɓi ne shafin QuickMap yake cikewa. Taswira ce ta intanet wadda aka gina a kan hotuna da ma'aunai na tauraron ɗan'adam na hukumar NASA mai kewaya Wata, mai suna LRO, wanda aka harba ranar 18 ga Yuni 2009. Ba a biyan ko sisi, kuma ba a buƙatar yin rajista kafin a fara amfani da shi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙarfin hotunan. Tauraron yana ɗauke da kyamara mai faɗin gani wadda kowane ɗigo na hotonta yake wakiltar kimanin mita 100, da wasu guda biyu masu zuƙowa waɗanda suke iya kaiwa kusan rabin mita. Saboda haka idan mutum ya rubuta Apollo 17, sunan ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen da NASA ta kai mutane Wata, a wurin bincike ya yi ta zuƙowa, zai kai ga kwarin Taurus-Littrow, ya ga gindin kumbon da aka bari a can tun 1972, har da sawun motar da 'yan sama jannatin suka tuƙa. Ga duk wanda ya taɓa jin gardamar cewa ba a taɓa zuwa Wata ba, wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe shafin.

Amma a ganina babbar fa'idarsa tana ƙuryar kudu, inda hankalin gwamnatoci da 'yan kasuwa ya koma. Ana iya juya taswirar ta fuskanci kudancin Wata kai tsaye, sannan a ɗora mata bayanin gangaren ƙasa da aka samo daga na'urar leza mai auna tsayi, da bayanin ramukan da hasken rana ba ya taɓa shiga cikinsu. A nan ne mutum yake fahimtar dalilin rububin: a cikin irin waɗannan ramuka ake sa ran samun ƙanƙara, kamar yadda gwajin NASA mai suna LCROSS ya gano alamun ruwa a ramin Cabeus a Oktoban 2009, kuma ruwa yana nufin abin sha da iskar shaƙa da makamashin roka. A nan ne kuma yake ganin wahalar aikin, domin idan ya ja layi ya ratsa ramin Shackleton mai faɗin kimanin kilomita 21, shafin zai zana masa yadda ƙasar ta gangara, ya ga cewa wuraren da suke da haske da shimfiɗa a lokaci guda 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Da wannan kayan aiki, labarin saukar kamfanoni yana samun ma'ana. Kumbon Odysseus na kamfanin Intuitive Machines ya sauka kusa da ramin Malapert A a Fabrairun 2024 ya karkata gefe guda, kuma Athena na wannan kamfani ya kwanta a cikin wani rami a yankin Mons Mouton a Maris 2025, duka biyun a ɓangaren ƙuryar kudu. A cikin watan Maris ɗin 2025 kuma, Blue Ghost na kamfanin Firefly ya sauka a tsaye a filin Mare Crisium, nesa da ƙuryar kudu, ya yi aikinsa na kusan mako biyu. Matsalar na'urorin auna tsayi tana cikin abin da ya shafi kumbon biyu na farko, wannan gaskiya ne, sai dai wanda ya jera wuraren uku a taswira ya kwatanta gangarensu da inuwarsu zai gane cewa ba jarrabawa iri ɗaya suka zauna ba.

Shafin yana da nasa aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Komai da Turanci yake, Turancin ma na masana, ga jerin bayanai masu gajerun sunaye waɗanda sabon shiga ba zai san me suke nufi ba sai ya yi bincike a wani wuri. Hotunan zuƙowa an ɗauke su ne a lokuta daban-daban, rana tana kusurwa daban-daban, don haka wani lokaci a kan ga gaɓa tsakanin hoto da hoto, har tudu ya yi kama da rami a idon wanda bai saba ba. Yana cin data sosai, musamman idan aka kunna siffar ƙwallon Wata mai juyawa, kuma a kan ƙaramar waya maɓallan suna cunkushewa. Kwamfuta ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba.

Ina ba malaman kimiyya da ɗalibai da 'yan jarida shawarar su riƙe shi, musamman 'yan jaridar da suke kawo rahoton shirin Artemis na NASA na mayar da mutane Wata, ko na Sin da Indiya. Wanda zai fara, zai fi sauƙi ya soma da wuraren saukar Apollo har hannunsa ya saba da zuƙowa da jan layi, kafin ya koma ƙuryar kudu ya kunna bayanin gangare da na inuwa.