Karatun likita a Jami'ar Bayero ko a Alƙahira: wanne ya fi dacewa da 'yarka?

Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan tambaya. Ka ce 'yarka ta samu gurbin karatun likita a Jami'ar Bayero ta Kano, sai kuma wani dillali ya zo maka da batun gurbi a wata jami'a a Alƙahira, kana neman a faɗa maka wadda ta fi. A ganina dukansu biyun suna yaye likitoci na ƙwarai, don haka abin dubawa shi ne wadda ta dace da ita wannan yarinyar, da ƙarfin aljihunka, da kuma wurin da take son ta yi aiki idan ta gama.

Zan fara da marasa lafiya, domin nan ne iyaye suka fi yin sakaci, alhali kuwa a gefen gadon majinyaci ake zama likita, ba a aji kawai ba. Ɗalibar Bayero za ta yi shekarunta na asibiti a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, kuma cututtukan da za ta riƙa gani kullum su ne zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da tamowa, da tarin fuka, da sanƙarau, da jijjigar masu juna biyu, wato ainihin abin da za ta tarar a duk asibitin da aka tura ta a Arewa. Masar kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Oktoba na 2024 cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, saboda haka ɗaliba na iya gama karatunta a can ba ta ga yaron da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba sai a littafi. Wannan ba aibi ba ne ga Masar, nasara ce ma, amma giɓi ne ga wadda za ta dawo aiki a Kano ko Katsina.

Harshe ma yana cikin wannan lissafi. Da Turanci ake koyar da likitanci a Masar, amma majinyaci da Larabcin Masar na kasuwa zai faɗi abin da ke damunsa, wanda ya sha bamban da Larabcin da yaranmu ke koya a Islamiyya. Yarinyar da ba ta da saurin ɗaukar harshe, ko mai kunyar yin magana ta yi kuskure, tana iya shafe shekara tana tsaye a bayan 'yan ajinta ana fassara mata. A Kano kuwa, idan tsohuwa ta ce cikinta na murɗa ko jiri na ɗibarta, 'yarka ta riga ta gane tun kafin malami ya buɗe baki. Kai ka san halin 'yarka a nan fiye da kowa.

Masar na da nata fifikon, kuma ba ƙarami ba ne. Makarantar likitanci ta Ƙasrul Aini, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Alƙahira, ta samo asali tun 1827, kuma Jami'ar Azhar tana da tsangayar likitanci ta mata zalla, abin da iyaye da yawa ke samun natsuwa da shi. Babban abin da ke jan mutane dai shi ne kalandar karatu da ba ta cika tsayawa ba. A gida karatun shekara shida ne a takarda, amma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 kuma ya kama daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma kusan duk jami'o'in tarayya sun tsaya. Yarinyar da jinkiri ke karya wa gwiwa, ko wadda ake da zancen aurenta a gaba, dole a sa wannan a ma'auni. Sai dai kada a manta cewa waje ma ba shi da tabbas, domin ɗalibanmu da ke Yukren a Fabrairun 2022 da waɗanda ke Khartum a Afrilun 2023 sun baro karatunsu a tsakiya saboda yaƙi, wasunsu suna dab da gamawa.

Batun kuɗi kuwa a taƙaice yake, amma shi ne ya fi kayar da mutane. Kuɗin Bayero da naira ake biya, na Masar da kuɗin waje. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Idan samunka da naira ne, kada ka lissafa kuɗin shekarar farko kaɗai. Ka lissafa na dukkan shekarun har da haya da abinci da tikitin jirgi, sannan ka tambayi kanka ko za ka iya ci gaba idan canji ya sake tashi. Ɗalibar da aka dawo da ita daga aji uku ba ta da shaidar da za ta nuna, kuma ba lallai ba ne ta samu gurbin ci gaba a gida, domin Hukumar Likitoci ta Nijeriya, MDCN, tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka.

Wannan hukumar ce kuma za ta jira ta idan ta dawo. Wanda ya gama a makarantar gida da hukumar ta amince da ita yana samun rajistar wucin gadi ya shiga aikin sanin makama na shekara ɗaya, shi kuwa wanda ya karanto a waje sai ya fara zauna jarrabawar tantancewa, kuma ba kowa ke tsallake ta a zaman farko ba. Saboda haka kafin ka ba dillali ko kwabo, ka nemi cikakken sunan jami'ar, ka tabbatar da matsayinta a wurin hukumar da kanka, ka kuma nemi ɗaliban Nijeriya da ke aji huɗu ko biyar a can ka ji ta bakinsu, musamman ko ana barin baƙi su taɓa majinyata.

Ni dai da shawara tawa ce, tunda ta riga ta samu gurbi a Bayero, abin da ɗimbin yara ke nema kowace shekara ba su samu ba, kuma idan niyyarta ta yi wa mutanenta aiki ne, da na ce ta zauna a gida. Zan karkata ga Alƙahira ne kawai idan kuɗin dukkan shekarun na ajiye, yarinyar tana da Larabci mai ƙarfi, kuma ka san tana iya riƙe kanta nesa da mahaifiyarta. Kafin ka yanke hukunci, ka zaunar da ita ka tambaye ta ko ita ce ke son likitancin ko don ta faranta maka ne, domin tun a shekarun farko za ta fara aiki da gawa a darasin sanin sassan jiki, a Kano ne ko a Alƙahira. Idan da hali, ka nemi wata likita a cikin dangi ko unguwa ta zauna da ita ta ba ta labarin kwanan asibiti da jarrabawar aji uku, sannan ku yi istihara.