Kafin ka sayi maganin feshi a Sabon Gari

Mai lambu a bakin rafin Jakara a Kano in ya shiga wajen masu maganin ƙwari a kasuwar Sabon Gari, tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi kisa? Mai shago sai ya miƙo cypermethrin ko lambda-cyhalothrin. Suna da araha, kuma kana fesawa za ka ga tsutsa na zubowa.

Illarsu ita ce ba sa tantancewa. A gonarka akwai ƙananan zanzaro, wasu ko ƙwayar gero ba su kai ba, suna maka aiki ba ko sisi. Irin wadda ake kira Trichogramma cikin ƙwan ƙwaron da ke haifar da tsutsa take saka nata ƙwan, ɗanta ya cinye shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Su feshin ke fara kwashewa, har da ƙudan zuma. Ita kuwa tsutsar sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016, tana can lafe cikin ganye da 'ya'ya, maganin bai isa gare ta ba. Sai ta dawo ba mai tare ta, kai kuma ka koma shago.

In tsutsa ce damuwarka, fara neman Bt, wato Bacillus thuringiensis, maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya. Tsutsa kawai yake kashewa, sai dai a kama ta tana ƙarama, kuma rana tana kashe masa ƙarfi. Ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Chlorantraniliprole yana da tsada, amma yana raga wa zanzaron sosai. A nan sai an karanta kwalba: Ampligo, alal misali, an haɗa shi da lambda-cyhalothrin, raga wa zanzaron da yake yi ya tafi ke nan. Emamectin benzoate yana tsaka-tsaki. Yana cutar da zanzaron in yana ɗanye a ganye, amma ba ya daɗewa.

'Ya'yan darbejiya kuwa ba sai ka saya ba. A daka, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle don kada su toshe bakin injin feshi. Aikinsu sannu a hankali ne, mai gaggawa zai raina su.

Dichlorvos, irin su Sniper, ni dai ba zan kai shi kusa da latas ko alayyafon da za a kai kasuwar Yankaba gobe ba.

Duk wanda ka ɗauka, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka yi feshi da yamma lis, ka kuma ɗaga wa shuka ƙafa lokacin da take fure.